Ruwan Koɗar da Hoto: Tarihinsa, Amfaninsa da Haɗarinsa

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ina tsammani saboda wannan magana ce mutanenmu suka ba hoto amanar da ba su ba labarin baka ba. In aka nuna maka hoton wani sarki bisa doki ran hawan salla, ko na kakanka cikin kayan soja a ƙasar Bama, ba ka tambayar wa ya faɗa, tun da ga shi idonka ya gane maka. To, amma tsakanin ɗaukar hoto da miƙa shi ga mai shi akwai wani ɗaki mai duhu wanda mai hoto kaɗai ke shiga. A cikin ɗakin nan kuwa akwai wani ruwa wanda aikinsa shi ne ya rage abin da haske ya rubuta a takarda, ko ma ya share shi ɗungum. Tarihin wannan ruwa nake so in ɗan gutsura wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan fitowa ta mujallarmu.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da ilmin harhaɗa magunguna? Dalilina biyu ne. Na farko, duk mai nazarin al'ada ko tarihi yana kafa hujja da tsofaffin hotuna, ya kamata kuwa mutum ya san irin hannun da hujjarsa ta bi kafin ta iso gare shi. Na biyu, wannan ruwa ya ci rayuka a da, ga shi kuma samari a ƙasashe da yawa sun sake komawa ga wankin hoto irin na da, bayan da wayar hannu ta kusa binne sana'ar.

Hausa ta riga ta ba mu kalmomi irin su wankin hoto da dodon hoto. Shi wannan ruwa Turawa na kiransa bilic, kalmar da ta shigo mana ta hanyar man bilicin na masu sauya launin fata. Don gudun ruɗani na zaɓi in kira shi ruwan koɗarwa, daga koɗewar da tufa ke yi in ta sha rana da wanki.

Abin da Hoto Ya Ƙunsa

Kafin mu shiga tarihi, bari mu san abin da ake koɗarwa. Baƙin da muke gani a hoto mai baƙi da fari ba tawada ba ce. Azurfa ce tsantsa, amma ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta har sun daina ƙyalli sun koma baƙaƙe. Suna zaune ne cikin jelatin, watau wani irin danƙo da ake dafawa daga ƙashi da fatar dabbobi, wanda aka shimfiɗa bisa takarda. Inda haske ya bugi takardar sosai azurfa ta yi yawa, wurin ya yi baƙi. Inda ya taɓa kaɗan ta yi ƙaranci, wurin ya yi fari-fari.

Abin da ruwan koɗarwa ke yi shi ne ya mai da wannan azurfa ta koma gishirin azurfa, wanda ba shi da baƙi. Daga nan hanya ta rabu biyu. In aka narkar da gishirin aka wanke shi, abin da ya tafi ya tafi ke nan har abada. In kuwa aka bar shi a inda yake, hoton ya ɓuya ne kawai, ana iya dawo da shi, ko a sauya masa launi. Duk tarihin da zan kawo yana zagaya waɗannan hanyoyi biyu ne, don haka mai karatu ya riƙe su.

Daga Jini zuwa Jan Gishiri

Asalin maganar ya girmi hoto kansa. A wajen 1706 wani mai haɗa launuka a birnin Balin na Jamus, sunansa Diesbach, yana neman jan launi sai ya yi amfani da wata kanwa wadda aka riga aka gauraya da jinin dabba. Maimakon ja sai ya sami shuɗi mai duhu, kamar shunin da marinanmu ke samu daga baba. Wannan launi shi aka sa wa suna shuɗin Farusiya. A 1782 masanin nan na ƙasar Suwidin, Scheele, ya tatso wani asid daga cikin shuɗin, aka tarar yana daga cikin mafi saurin kisa a duk gubar da aka sani. Sunan sayanayid da ake kiran dangin wannan guba da shi ya fito ne daga kalmar Girkanci mai ma'anar shuɗi. Mu ma ba baƙinta ba ne, domin ita ce ke cikin rogo mai ɗaci, wanda sai an jiƙa an sarrafa kafin a ci.

A 1822 wani Bajamushe, Leopold Gmelin, ya samo wani gishiri ja kamar garwashi daga cikin dangin nan, watau ferisayanayid. A nan gaba zan riƙa kiransa jan gishiri. Ko da yake akwai sayanayid a cikinsa, ƙarfe ya riƙe ta gam, ba ta iya fita ta yi ɓarna sai an tilasta mata. Ɗan'uwansa mai ruwan ɗorawa ma har a gishirin miya ake ɗan sa shi a wasu ƙasashe don kada ya dunƙule.

A ɗaya gefen kuma akwai John Herschel na Ingila. A 1819 ya gano cewa wani gishiri da ake kira haifo yana narkar da gishirin azurfa. Da Daguerre na Faransa da Talbot na Ingila suka bayyana wa duniya hanyoyinsu na ɗaukar hoto a 1839, sai haifo ya zama abin da ake kafe hoto da shi don kada haske ya ci gaba da baƙanta shi. A 1842 Herschel ya yi amfani da jan gishiri ya ƙago hoto mai launin shuɗi, wanda wata mata, Anna Atkins, ta yi littafin tsiron teku da shi a 1843. Ke nan tun farkon fari jan gishiri da haifo suna ɗaki ɗaya, amma sai da aka yi shekara 40 kafin wani ya zuba su a faranti ɗaya.

Zamanin Guba

A cikin waɗannan shekaru masu hoto sun dogara ne ga abubuwa biyu, kowanne ya fi ɗan'uwansa muni. Na farko gishirin zaiba. Herschel ya lura tun 1840 cewa in aka tsoma hoto a ruwan gishirin zaiba sai ya ɓace, takarda ta koma fari fat, in kuma aka taɓa ta da haifo sai hoton ya dawo. Daga baya 'yan kasuwa suka mai da abin wasa, suna sayar da farar takarda a matsayin hoton sihiri. Masu sana'a kuwa sun yi amfani da shi wajen ƙara wa dodon hoto ƙarfi. In dodo ya fito sakayau, sai a koɗar da shi da zaiba, a wanke, sa'an nan a baƙanta shi da amoniya, ya dawo da kaurin da ya fi na da. Ita zaiba tana lalata ƙoda, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ga ta ba ta barin jiki da wuri.

Na biyu ita ce sayanayid tsiraicinta, wadda babu ƙarfen da ya ɗaure ta. Bayan da Frederick Scott Archer ya fito da hanyar ɗaukar hoto a kan jiƙaƙƙen gilashi a 1851, sai ta zama ruwan dare a ɗakunan hoto na Turai da Amurka. Tana kafe hoto da sauri, tana ba da fari mai haske, tana kuma cin azurfa in an so a rage duhun wani wuri. Abin da bai kai rabin giram ba yana iya kashe ƙato cikin 'yan mintoci. Daɗin daɗawa, ruwan azurfa yana baƙanta yatsun mai hoto kamar na marini, sai su riƙa goge baƙin da dunƙulen sayanayid. Wanda ke da ɗan yanka a hannu, guba ta sami ƙofa ke nan. Mujallun masu hoto na Ingila a shekarun 1860 cike suke da labarun mutuwa, har da na waɗanda suka ɗauki kofin guba a duhu suna zaton abin sha ne, da na yaran gida da suka tarar da kwalba a buɗe. Abin ya kai ga dokar magunguna ta Ingila ta 1868 ta sa gishirin zaiba da sayanayid cikin jerin gubar da ba a sayarwa sai an rubuta sunan mai saye.

Maganin Farmer

A 1871 wani likita, Richard Maddox, wanda tururin magungunan jiƙaƙƙen gilashi ya dami lafiyarsa, ya ba da shawarar a yi amfani da jelatin. Kafin 1880 busasshen gilashi mai jelatin ya cika kasuwa, takardar hoto mai jelatin ta biyo baya. Sabon gilashin ya fi tsohon saurin kama haske nesa ba kusa ba, a lokacin kuwa mai hoto da ido yake kintatar haske. Saboda haka dodanni da yawa suka riƙa fitowa da duhu fiye da kima. Bukatar abin da zai rage duhu, ba tare da ya halaka mai aikin ba, ta ƙaru ƙwarai.

Wanda ya biya wannan bukata shi ne Ernest Howard Farmer, malamin koyar da hoto a wata makarantar fasaha da ke titin Regent a Landan. A 1883 ya haɗa jan gishiri da haifo a ruwa ɗaya. Jan gishiri ya mai da azurfa gishiri, haifo ya narkar da gishirin nan take, mai hoto yana tsaye cikin haske yana kallon duhu na raguwa a gaban idonsa. In ya ga ya isa, sai ya ciro ya kai ruwa. Har yau da sunan Farmer ake kiran wannan haɗi, shekara fiye da 140 ke nan, abin da ba kasafai ake samu ba a sana'ar da kullum take sauya kaya.

Haɗin yana da halaye biyu da ya kamata a sani. Na farko, ba ya daɗewa. Da zarar an gauraya su sai su fara cin juna, cikin 'yan mintoci ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma kore-kore, ƙarfinsa ya mutu. Don haka ake ajiye su a kwalabe dabam dabam, a haɗa lokacin aiki. A ma'aunin da kamfanin Kodak ya wallafa, ana narkar da giram 37.5 na jan gishiri a ruwa rabin lita, da giram 480 na haifo a lita 2, sa'an nan a ɗebi mililita 30 na farko da 120 na biyu a cika da ruwa zuwa lita 1. Wannan ƙarfin na dodon hoto ne, takarda kuwa sai an ƙara tsarma shi sosai. Hali na biyu, yana ɗiban azurfa kusan daidai wa daida a ko'ina. Kamar a karɓi kwabo goma goma ne daga attajiri da matalauci, shi attajiri bai san an taɓa shi ba, matalauci kuwa an bar shi hannu rabbana. Haka wuraren fari-fari na hoto, masu azurfa kaɗan, su ke fara washewa, baƙi kuwa yana nan daram. Sakamakon shi ne hoto ya ƙara haske da armashi, farar riga ta fito fes.

Kowane Ciwo da Maganinsa

Da aka ga nasarar Farmer sai masana suka shiga neman ruwan da zai yi abin da nasa ba ya yi. A 1898 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Lumière, waɗanda aka fi sani da ƙago silima, tare da abokin aikinsu Seyewetz, suka fito da ruwan fasalfet. Shi akasin na Farmer ne, ya fi cin inda azurfa ta yi kauri, watau attajirin yake tatsa ya ƙyale matalauci. Ana amfani da shi in baƙi da fari sun yi nisa da juna ƙwarai. A 1899 Namias na Italiya ya kawo ruwan famanganet mai launin shanshanbale. Akwai kuma aidin, irin wanda muka sani a asibiti, wanda ke cinye azurfa ƙurmus, don haka ake ɗiga shi da bakin tsinke a kan baƙin ɗigo, ko a share bayan mutum da shi a bar farar takarda.

Hanya ta biyu da na ambata, ta ɓoye hoto a dawo da shi, ita ta haifar da rinin hoto. In aka haɗa jan gishiri da buromayid maimakon haifo, azurfar takan koma gishirin da take tun kafin haske ya taɓa ta, hoton ya dusashe ya bar ɗan alama. Sai a wanke, a tsoma shi a ruwan salfayid, dangin farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Nan da nan hoto ya dawo da launin ƙasa-ƙasa mai daɗin kallo. Wannan rini ya yaɗu a farkon ƙarni na 20, ba don kyau kaɗai ba. Azurfar da ta riga ta haɗu da farar wuta ba ta cika jin tsoron iska da danshi ba, saboda haka rinannen hoto ya fi wanda ba a rina ba tsawon rai. Sai dai a lura, ba duk tsohon hoto mai launin ƙasa ne aka rina ba. Wani tsufa ne da rashin wanki mai kyau suka mai da shi haka, ana gane shi da dabbare-dabbare da dusashewar gefe.

A 1907 wasu Turawan Ingila biyu, Wall da Piper, suka kai abin wani mataki. Suka haɗa ruwan koɗarwa da daikuromet, wanda ban da koɗar da azurfa yana taurara jelatin gwargwadon yawan azurfar da ke wurin. In aka jiƙa takardar, inda jelatin ke da taushi ya sha ruwa ya ƙi karɓar tawada mai maiƙo, inda ya taurare ya karɓa. Mai hoto sai ya ɗauki buroshi ya sake gina hoton da tawada, ya ƙara inda ya so, ya rage inda ya so. A nan hoto ya kusa zama zane. Amma daikuromet mugun abu ne. Yana cin fata ya bar gyambo mai wuyar warkewa, daga baya kuma aka tabbatar yana jawo ciwon daji. Tun 2017 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana amfani da shi sai da izini na musamman.

Buroshin Eugene Smith

In ana maganar gwanintar koɗarwa, sunan da ke fara zuwa baki shi ne W. Eugene Smith, Ba'amurke mai ɗaukar wa mujallar Life hoto. Yakan kwana a ɗakin duhu kan hoto guda. Al'adarsa ita ce ya buga hoton da duhu da gangan, sa'an nan ya bi shi da ɗan buroshi ko auduga da ruwan jan gishiri, yana fito da haske a goshi, ko a hannu, ko a farin ido, har mai kallo ya ga kamar hasken daga jikin mutanen yake fita.

A 1951 mujallar ta buga hotunan da ya ɗauka a wani ƙauye na ƙasar Sifen. A cikinsu akwai na zaman makoki, ga gawar dattijo a kwance, ga mata sun kewaye shi. Biyu daga cikin matan idonsu ya karkata wajen mai hoto. A ɗakin duhu Smith ya duhunta idanun, ya sa ruwan koɗarwa ya yi musu sabon fari a wani gefe, sai suka koma kamar gawar suke kallo. Hoton ya zama ɗaya daga cikin shahararrun hotunan ƙarni na 20, har yau kuma ana muhawara a kansa. Masu goyon bayansa sun ce baƙin cikin matan gaskiya ne, shigowar baƙo da akwatin hoto ce ta ɗauke musu ido, shi kuwa ya mai da abin yadda yake kafin ya shigo. Masu suka suka ce mai kawo labari ba shi da ikon juya idon mutum.

Ni a nawa ra'ayi masu sukar sun fi gaskiya. Wanda ya haskaka fuskar da inuwa ta rufe ya taimaki idona ne in ga abin da ke wurin. Wanda ya juya ido kuwa ya sa mutum ya aikata abin da bai aikata ba, ya kuma miƙo mini a matsayin shaida. Darasin da ke nan ga ɗalibin tarihi shi ne, gyaran hoto bai jira zuwan kwamfuta ba. Duk tsohon hoton da za mu kafa hujja da shi, walau na Turawan mulki ne ko na masu hoton gari, sai mu tambayi wanda ya ɗauka, da wanda ya biya kuɗin, da abin da ake so a nuna, kamar dai yadda muke tantance ruwayar baka.

Wani abin lura kuma, aikin Smith na ƙarshe mai girma a kan zaiba ya yi shi. Daga 1971 shi da matarsa Aileen suka zauna a garin Minamata na Japan, inda wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dagwalon zaiba a teku, masunta da 'ya'yansu suka nakasa. Hotunansa sun girgiza duniya. Da sunan garin aka kira yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 2013 ta rage amfani da zaiba, wadda ta haɗa har da hana sa ta a man shafawa. Abin takaici, gubar da masu hoto suka kora daga ɗakin duhu, ita ce ake samu a wasu mayukan bilicin da 'yan'uwanmu ke shafa wa fuskarsu.

Zuwan Hoto Mai Launi

A hoto mai launi koɗarwa ta zama tilas, domin bayan azurfa ta gama aikinta na jawo launuka, sai an kwashe ta duka kafin launukan su fito tas. Manyan ɗakunan wanki suka riƙa zubar da ruwan jan gishiri ganga ganga. Sai aka gano cewa in ya shiga kogi rana ta buge shi, ƙarfen yana sakin sayanayid, kifaye su mutu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka koma ga wani gishirin ƙarfe dabam, kamar a tsarin wanki na C-41 da Kodak ya fito da shi a 1972. A Afirka ta Yamma, James Barnor ya kafa ɗakin wankin hoto mai launi na farko a Gana a wajen 1970. Sannu a hankali injin wanki ya ture farantin hannu, sana'ar irin su Seydou Keïta na Bamako da Philippe Koudjina na Yamai ta ja baya. Duk da haka ba ta mutu ba, har yanzu kamfanoni irin su Ilford da Foma suna yin takardar hoto mai baƙi da fari.

Zaɓi da Kiyayewa

Daga wannan tarihi mai son aikin zai iya tsamo wa kansa ƙa'ida. Tambayar farko ita ce, ana so azurfar ta tafi ne ko ta ɓuya? In haske ake so a ƙara, haɗin Farmer tsararre ya isa. In rini ake so, ko ana son a bar ƙofar gyara a buɗe, sai jan gishiri da buromayid. A wannan hali wajibi ne a wanke haifo daga takardar sarai tukuna, in ba haka ba ragowarsa zai haɗu da jan gishiri su zama haɗin Farmer ba da sanin mai aiki ba, wuraren fari su tafi ba dawowa. In baƙin ɗigo ne, aidin. Zaiba da sayanayid da daikuromet kuwa, tarihi ya riga ya yanke musu hukunci, ɗalibi ba shi da abin yi da su.

Wajen aiki, a shimfiɗa jiƙaƙƙen hoto bisa gilashi, buroshi a hannu ɗaya, ruwa mai gudu a ɗaya. A shafa, a ɗauraye, a duba, a sake. Sannu ba ta hana zuwa, gaggawa kuwa takan bar farin tabo wanda ba shi da magani. A tsaya tun kafin a kai inda ake so, domin ruwan yakan ɗan ci gaba da ci. In an gama a sake kafe hoton a haifo, a wanke sosai. An tsara ma'aunan Turawa ne bisa zafin digiri 20, mu kuwa a bazara muna haura 40, zafi kuma yana ƙara wa ruwan sauri yana sa jelatin ya yi laushi, don haka sai a ƙara tsarmawa a yi aiki da sanyin safiya. Kada a yi amfani da farantin ƙarfe mai tsatsa, domin jan gishiri in ya gamu da ƙarfe shuɗin nan na Diesbach yake haifarwa, hoto ya cika da shuɗɗan ɗigo.

Ta fuskar lafiya, babbar doka ita ce kada jan gishiri ya haɗu da asid mai ƙarfi, ko wuta, domin su ne ke kwance sayanayid ta fito a matsayin iska mai kisa. Haka ruwan salfayid, in ya gamu da asid yana fitar da iska mai guba, wadda in ta yi yawa takan kashe hanci mutum ya daina jin warinta. A yi rini a inda iska ke kaɗawa, nesa da sabuwar takarda, don tururinsa na ɓata ta. A sa safar hannu da tabarau, a riƙa ɗaukar hoto da hantsaki. Kada a ci ko a sha a ɗakin. Kada a zuba magani a kwalbar lemo, kowace kwalba a rubuta mata suna a kulle ta inda yaro ba ya kaiwa. Ragowar ruwa kuma kada a tuttular a kwatar da ke gangarawa kududdufi ko kusa da rijiya.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman a Nijeriya. A kasuwanninmu akwai ruwan wankin tufafi mai suna Hypo, sunansa ya yi daidai da haifon masu hoto, alhali ba su haɗa komai ba. Na tufafi, da ire-irensa, yana narkar da jelatin ya saluɓe hoto daga takarda, in kuma ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Wanda ya karanta haifo a littafin hoto kada ya nufi mai shago.

Kammalawa

Mun ga yadda abin ya faro daga kuskuren mai haɗa launi a Balin, ya bi ta hannun Herschel, ya ci rayuka a zamanin zaiba da sayanayid, har Farmer ya kawo sauƙi a 1883. Abin da ya rage shi ne roƙo ga 'yan'uwana. A gidajenmu, da wurare irin su Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, akwai hotunan da babu irinsu a ko'ina. Wani zai ji cewa ana iya koɗar da dusasshen hoto a dawo da shi, sai ya yi sha'awar gwadawa a kan na kakansa. Kada ya yi. Tsohon jelatin ba ya jure jiƙo, kuma abin da ruwan ya ci ba ya amayarwa. A sake ɗaukar hoton hoton, a yi gwaji a kan kwafin, shi kuwa na asali a ajiye shi a busasshen wuri mai sanyi, a rubuta sunayen mutanen da ke ciki da fensir a bayansa tun masu saninsu na raye. Allah Ya sa mu dace, amin.